Katako Biyu da Hinjin Ƙofa: Yadda Na Ɗauki Hoton Rana da Taurari a Garwa

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a Garwa, a arewacin Kamaru. Shekara da shekaru kyamarata ba ta san wani aiki ba sai ango da amarya, sai 'yan makaranta masu neman hoton katin shaida. Abin da ya ɗaga kaina sama wani dare ne da aka ɗauke wuta a unguwarmu. Muna zaune a tsakar gida ana fifita, sai kawuna ya ɗaga sandarsa ya ce wa yara, "Ga Kaza da 'ya'yanta can." Na shiga ɗaki na ɗauko kyamara, na kafa ta a kan ƙafa uku, na danna. Baƙi ƙirin ya fito, da 'yan ɗigo biyar ko shida. Na bar idon kyamarar a buɗe har daƙiƙa 30, sai kowane tauraro ya zama ɗan layi kamar an karce gilashi da allura. Na kwana da abin a raina.

Na shiga intanet neman bayani, na samu har ya yi mini yawa. Sai dai kusan duk masu rubutun mutanen Turai ne da Amurka, kuma samansu ba irin namu ba ne. Su darensu da sanyi, tauraron arewa kuma yana can sama sosai a wurinsu. Ni sai da na ci karo da matsala bayan matsala kafin na gane cewa rabin aikin a nan shi ne sanin yanayin Garwa: zafinta, ƙurarta, da inda take zaune a doron ƙasa.

Da rana na fara, don ita ce mai sauƙin kaya. Amma ita ce kuma mai haɗari, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe maganar da kyau. Gilashin kyamara tara hasken rana yake yi wuri guda, kamar madubin da yara ke ƙona takarda da shi. Na gwada da idona: na cire gilashin zum ɗina daga jikin kyamara, na juya shi ga rana, na kara baƙar leda a bayansa. Kafin in ƙirga biyar ta huje tana hayaƙi. Idon mutum ma haka zai ƙone, kuma can cikin ido inda hoto ke sauka babu jijiyar jin zafi, don haka ba za ka san ɓarna na faruwa ba sai bayan ta faru. Na tuna husufin ranar 29 ga Maris 2006, muna yara, muna leƙen rana ta fasasshen gilashin da muka turara da hayaƙin fitila, wasu kuma ta tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Allah ne kawai ya tsare mu. Duk waɗannan ba sa tare hasken da ke ƙona ido. Haka nan lokacin hunturu, idan hazo ya rufe gari rana ta zama kamar farin faranti har mutum na iya zuba mata ido, wannan ma ba kariya ba ce.

Abin da ake amfani da shi wata takarda ce siririya mai sheƙi kamar ta cikin kwalin shayi, Baader AstroSolar. Mai lamba 5.0 kashi ɗaya tak cikin 100,000 na hasken rana take bari ya wuce. Akwai mai lamba 3.8, wadda ta hoto ce kawai, ba a kallo da ita, ni kuwa na guje ta tunda akwai yara a gida. Wani ɗan'uwanmu mai fatauci ne ya samo mini falle ɗaya. Daga Duwala ta biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan mota ta kawo ta Garwa, an sa ta tsakanin kwali biyu don kada ta lanƙwashe. Na yanka zobe biyu na kwali daidai bakin gilashina, na sa takardar a tsakaninsu ba tare da na ja ta ta yi tauri ba, domin 'yar tattarewa ba ta ɓata hoto, ja ne ke ɓata shi. Na yi mata wuya da kwali mai shiga bakin gilashin tsam, na ƙara da salatif don kada iska ko hannun yaro ya ture ta. Har yau kafin in ɗora ta sai na kara ta ga fitila na duba ko ta huje.

Samun rana a cikin kyamara ya fi yadda ake zato wuya, tunda ba a ɗaga ido a neme ta. Inuwa nake bi. Ina juya kyamarar ina kallon inuwarta a ƙasa, idan inuwar ta tsuke ta zama mafi ƙanƙanta, to rana ta shigo. A allon baya nake kallo, ba ta ramin leƙe ba, na lulluɓa hirami a kaina da allon don in ga abin da nake yi. A zum na milimita 300, hoton rana da ke sauka a cikin kyamara bai kai milimita 3 ba, saboda haka saita gani sai da hannu, a hankali, ana kallon gefen faifan har ya yi kaifi. ISO, wato ƙarfin kama haske, 100 na sa, faɗin baki a f/8, ƙiftawa wajen ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Kwanakin farko da azahar nake fita, bayan na dawo daga shago, hotunan kuma duk suna fitowa a dagule, gefen rana na rawa kamar ana kallonta a cikin ruwan kwano. Na ɗauka gilashin ne. Ashe rufin kwanon maƙwabta ne: da rana tsaka zafin da ke tashi daga kwano da ƙasa yana motsa iska, hasken kuma ta cikin wannan iskar yake ratsowa. Da na koma fita da hantsi, wajen ƙarfe bakwai da rabi zuwa takwas, na kuma zaɓi kusurwar da babu rufin kwano a gabana, sai gefen ya tsaya.

Allah ya sa na dace da lokaci. Rana tana da zagayen kusan shekara 11 na yawan tabo da ƙarancinsa. Zagayen da muke ciki, na 25 a lissafin masana, ya fara a Disamba 2019, kuma 2024 ta faɗo cikin ganiyarsa. A makon farko na Mayu 2024 na ga wani tarin baƙaƙen tabo a fuskar rana, na goge gilashi ina zaton datti ne, bai gushe ba. Washegari yana nan, ya ɗan matsa gefe. Jibi ya ƙara matsawa, ya ƙara girma. Shi ne wanda masana suka sa wa lamba 3664, wanda faɗinsa ya kai wajen ninki 15 na faɗin duniyarmu, kuma aman da ya yi ne ya haddasa guguwar maganaɗisu ta 10 da 11 ga Mayu, mafi ƙarfi tun 2003. Na ɗauki hoto kamar 200 a jere kowace safiya, na zuba su a manhajar PIPP ta daidaita rana a tsakiya, AutoStakkert kuma ta zaɓi mafi kaifi ta haɗe su wuri guda. Sai ga tabon da baƙar cibiyarsa da toka-tokan gefensa. Ba rami ba ne, ba kuma baƙi ba ne a haƙiƙa. Fuskar rana zafinta wajen digiri 5,500 ne, tabon kuwa bai kai 4,000 ba a tsakiyarsa, shi ya sa yake duhu kusa da abin da ya fi shi haske. Da na jera hotunan kwana shida, yarana suka ga tabon na tafiya daga tsakiya zuwa gefe. Ranar ce da kanta ke juyawa, kusan kwana 27 take yi ta zagayo idan daga nan ake kallo.

Damina ta kankama, gizagizai suka rufe sama, na koma kan matsalar da ta fara tayar da ni, wato layukan taurari.

Dalilinsu a fili yake. Duniya na juyawa digiri 15 kowace awa, don haka taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya. Da zum a milimita 135 a irin kyamarata, daƙiƙa biyu kacal gare ni kafin tauraro ya fara jan wutsiya, abubuwan da nake nema kuwa haskensu ya yi rauni ƙwarai, daƙiƙa biyu ba ta ishe su ba. Akwai injin da ake sayarwa mai juya kyamara tare da sama, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Sai na ci karo da dabarar wani mutumin Sukotilan, George Haig, wadda aka wallafa a 1975: katako biyu, hinjin ƙofa, da dogon ƙarfe mai zare. Idan zaren ƙarfen na tafiya milimita 1 a kowane zagaye, kamar na ƙarfen da ake kira M6, aka huda raminsa milimita 228 da rabi daga tsakiyar hinjin, aka riƙa juya shi zagaye ɗaya a minti ɗaya, to katakon sama zai riƙa buɗewa daidai da tafiyar taurari.

Na kai zanen wurin kafintan unguwarmu. Ya duba, ya juya takardar, ya ce, "Malam, wannan ƙofar wane ɗaki ce?" Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ɗauko tef ya ce in dai awo ne to a bar masa. Shi ne ya ba da shawarar a nemi hinjin da ba ya girgiɗi, muka zagaya babbar kasuwa muna gwada su ɗaya bayan ɗaya da hannu har muka samu mai tauri. Ya yanka faifan katako ya kafa a gindin ƙarfen, ni kuma na zana masa layi 12 kamar fuskar agogo, kowane layi daƙiƙa biyar.

A nan ne bambancin samanmu da na masu rubutun ya bayyana sosai. Dole tsinin hinjin ya fuskanci tauraron arewa, wanda duk sama ke kewayawa a kusa da shi. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa, a digiri, daidai yake da nisan garinka daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Mutumin Faris ta Faransa yana ganinsa a digiri kusan 49. Mu a Garwa digiri 9 ne da 'yan kai, wato ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan ke nan daga ƙasa. Katanga ma na rufe shi, balle bishiyar dalbejiya ko ƙurar gari. A cikin gidanmu ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya. Kafinta ya yanka mini wani katako mai gangare na digiri 9 wanda na'urar ke zama a kai, na ɗaure bututun biro a jikin hinjin don leƙe. Saura wurin da arewa take a buɗe.

Lokaci ma sai an zaɓa. Daga Mayu zuwa Oktoba hadari ne. Daga Disamba kuma iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ta shimfiɗa mana ita a sama. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo akwai 'yan makonni, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, da ruwa ya wanke sama ta yi wasai. A cikinsu ma sai daren da babu farin wata, wato ƙarshen watan Musulunci da kwana biyu-ukun farkonsa. A 2024 hakan ya faɗo farkon Nuwamba. Duk shekara ke nan dararen da suka cika sharaɗi ba su da yawa, kuma na fi jin zafin rasa ɗaya daga cikinsu fiye da rasa aikin biki.

Muka hau babur ni da ƙanena bayan la'asar, muka wuce Pitowa zuwa wani ƙauye da abokin mahaifinmu ke noma. Ban yarda in kafa ƙarfe mai ƙafa uku a bayan gari da tsakar dare ba tare da sanin masu gari ba, musamman a wannan zamani da kowa ke ɗar-ɗar da baƙo. Muka je gaban jauro, wato mai garin, da ɗan goro, muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, izini muke nema mu kwana a bakin gonar auduga, hoton taurari za mu ɗauka."

Ya sa na maimaita, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Na nuna masa hoton rana da tabonta a waya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya haɗa mu da wani saurayi ya kwana tare da mu, ya ce mu kula da kunama.

Bayan isha'i na ga tauraron arewa karo na farko a rayuwata da sanin cewa shi ne, can ƙasa-ƙasa bisa kan karan dawa, ba shi da wani haske na a zo a gani. Na durƙusa har haɓata na kusa taɓa ƙasa kafin na same shi a cikin bututun biro. Hoton gwajin farko ya fito da layuka da suka ninka na da tsawo. Gabana ya faɗi. Na sake auna komai a raina, ban ga kuskure ba, sai ƙanena ya ce, "Yaya, taurarin nan yamma suke tafiya, katakonka kuma gabas yake kallo idan ya buɗe." Gaskiyarsa. Na sa hinjin a hannun dama. Idan ka fuskanci arewa, hinji a hagu yake zama, wato yamma, ɓangaren gabas ne ke ɗagawa. Muka juya, muka sake saitawa. Hoto na biyu taurari suka fito ɗigo-ɗigo, zagayayyu. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Da Andromeda muka fara, tunda wajen ƙarfe goma tana can sama ta arewa. A wannan duhun ana ganinta da ido kamar ɗan tsagin gajimare, kuma haka masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta ta tun shekarar 964, ɗan ƙaramin gajimare. Garken taurari ne mai zaman kansa, hasken da ya shigo kyamarata a daren ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi. Daga nan Kaza, wadda malamai ke kira Surayya. Amma abin da na zo dominsa sai wajen ƙarfe ɗaya ya hau sosai: taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Oriyon, da wasu ƙanana da ke rataye a kudu da su. A tsakiyar waɗannan ƙananan akwai gajimaren gas da ƙura inda sababbin taurari ke samuwa, lamba 42 a jerin Bafaranshe Charles Messier, nisansa tafiyar haske ta shekara 1,300 da ɗoriya. A nan samanmu ya rama mana: abin da Bature ke gani a karkace ta kudu, mu wajen ƙarfe uku na dare kusan bisa kanmu yake, inda iska ta fi sirantaka.

Aikin kansa haƙuri ne zalla. ISO 1600, daƙiƙa 30 kowane hoto. Ƙanena na riƙe da rimot da agogo, yana ƙirga daƙiƙa a hankali, ni kuma yatsana na kan faifan ina bin ƙirgarsa, ba na ko son yin numfashi da ƙarfi. Tocila mun rufe ta da jar leda don kada ta kashe mana ganin duhu. Kowane minti bakwai ko takwas sai mu mayar da ƙarfen inda ya fara, domin miƙaƙƙen ƙarfe yana fara kuskure idan katakon ya buɗe da yawa. Sauro na cizo ba halin kaiwa duka. Wajen ƙarfe biyu taurari suka fara dushewa a allo alhali sama tas take. Na haska bakin gilashin, ashe raɓa ce ta kwanta masa, ƙasa ba ta gama bushewa daga damina ba. Saurayin da jauro ya haɗa mu da shi ne ya kawo dabara: ya ɗebo yashi mai ɗumi daga gefen wutar da ya hura can nesa, muka zuba a safa, muka naɗe wuyan gilashin da ita. Raɓar ba ta dawo ba.

Kafin kiran assalatu na rufe bakin kyamara na ɗauki hoto 30 na duhu zalla, da saiti iri ɗaya. Amfaninsu babba ne a ƙasar zafi. Allon da ke kama haske a cikin kyamara yana haifar da tsakin ɗigo na kansa, ja da kore, kuma yawan zafi yawan tsaki. Waɗannan hotunan duhun su ake nuna wa kwamfuta don ta san wane ɗigo ne ba tauraro ba ta cire shi, shi ya sa dole a ɗauke su a wurin, cikin zafin daren, ba a gida ba. Da gari ya fara wayewa na shimfiɗa farar riga a bakin gilashin na ɗauki wasu 20, su kuma na gyaran duhun kusurwa da inuwar ƙura ne.

Cikin hoto 120 na Oriyon, 68 ne suka tsira. Sauran hannuna ya yi rawa ko na makara da juyi. Na zuba su a Siril, manhaja ce kyauta, tsohuwar kwamfutata ta yi ta nishi fiye da awa ɗaya. Hikimar tarawar ita ce hasken gaskiya yana wuri ɗaya a kowane hoto, tsaki kuwa yana canja wuri, don haka hoto huɗu na rage tsaki da rabi, hoto 100 kuma ya mayar da shi kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya fara fitowa duhu ne kamar ba a yi komai ba. Na ja ma'aunin haske sannu a hankali. Sai gajimaren ya buɗe kamar fuka-fukan tsuntsu, ja-ja mai ruwan hoda, launin iskar haidurojin, da wani ɗan shuɗi a samansa. Da ido toka-toka ake ganinsa, domin idon mutum ba ya rarrabe launi a raunin haske, amma launin na nan. Tsakiyarsa ta ƙone fari fat saboda daƙiƙa 30 ta yi mata yawa, taurarin gefen hoto kuma sun ɗan miƙe. Na ga waɗannan aibobin, na kuma san maganinsu. Duk da haka na kira matata daga kicin ta zo ta gani, muka tsaya a kan allon ba wanda ya ce uffan.

Hoton Kaza na kai wa kawu da yamma, yana kan tabarma bayan la'asar. Na miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Kawu, ga Kazarka."

Ya matso da ita kusa da ido, ya nisanta, ya sa yatsa yana ƙirgawa. Da ya wuce ashirin ya tsaya.

"Kai, ɗana, ni shida na sani, bakwai idan sama ta yi kyau. Duk waɗannan nata ne?"

Na ce masa da yawansu nata ne, sun fi dubu idan aka bi lissafin masana, kuma shuɗin hayaƙin da ke kewaye da manyan ƙura ce da haskensu ke faɗawa a kai. Ya ce in wanke masa a takarda babba, ba ya son na waya.

Mako uku bayan haka hazo ya sauka, tauraron arewa ya ɓace ko a ƙauye. Na shafa wa ƙarfen mai, na naɗe katakon a tsohon zani na ɗora bisa sif. Kafinta ya riga ya karɓi sabon zane: lanƙwasasshen ƙarfe maimakon miƙaƙƙe, da wurin zaman ɗan ƙaramin inji mai juyawa sau ɗaya a minti, don hannuna ya huta. Takardar rana kuwa saura rabin falle, na adana shi tsakanin kwalayensa biyu. Ranar 20 ga Maris 2034 cikakken husufin rana zai ratsa Najeriya, ya bi ta can ƙuryar arewacin Kamaru ya shiga Chadi, kuma idan Allah ya kai mu da rai da lafiya ina so in yanka wa yaran unguwarmu tabarau daga ciki.